Kwanon Iya a Kan Katanga

Ni tun ina ƙarama Allah ya yi ni da jin nauyin mutane. Ba irin kunyar nan da ake yabon 'ya mace da ita ba, wadda za a sunkuyar da kai a yi murmushi a wuce. Tawa mai wahalarwa ce. Idan na hango wata da na sani a bakin lungu, sai in duƙa ina gyara takalmin da babu abin da ya same shi har sai ta ɓace. A gidan biki kuwa ni ce mai wanke-wanke, ba don son aiki ba, sai don mai wanke-wanke baya take juya wa jama'a. Mahaifiyata ta sha tsokanata cewa da ana sayar da baki, nawa zai yi tsada, don har yanzu sabo ne fil.

Da wannan hali aka kawo ni unguwar Mandawari, gidan da maigidana ya gada. Ƙaramin gida ne, soro ɗaya, ɗaki biyu, sai wani ɗan ɗakin ajiya can ƙurya mai taga ta wajen kwatar baya. Wanda bai zauna cikin birni ba zai ɗauka in ka rufe ƙofarka ka rufe kanka. Ina. Katangarku ita ce katangar maƙwabta. In kika yi tari a tsakar gida, wata za ta yi miki sannu daga nata gidan. In kika ɗora tukunya, gida uku sun san ko yau da nama ko babu.

Ta gabas da mu akwai wata tsohuwa da duk lungun ke kira Iya. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta mata suna aure a nesa, ita kaɗai take zaune tana saƙa faifai. Akwai wurin da ruwan sama ya zaizaye katangar da ke tsakaninmu, ta yi ƙasa daidai yadda hannu zai iya miƙa wa hannu abu. Kullum da hantsi sai ta ƙwanƙwasa wurin da sandarta ta ce, "Amarya, miƙo mini wuta." Shekara biyu da aurena amma amarya take kirana. Ni kuma in ɗebo garwashi a tsohon murfin kwano in miƙa, ta sa mini albarka, in ce amin a ciki-ciki in gudu ɗaki. Iyakar zumuncinmu ke nan. Ko gaisuwar Sallah ta kan katangar nake yi mata, ban taɓa sa ƙafa a gidanta ba.

Girki shi ne abin da na fi so a duniya, kuma shi ne yake tona mini asiri kullum. Itace sai na leƙa soro na yi ciniki. Daka sai a tsakar gida, kowa yana jin bugun taɓaryata yana auna ƙarfina. Markaɗe kuwa shi ne babbar jarrabawa, don injin yana wani gida a ƙarshen lungu inda mata ke jeruwa da robobinsu, ana hira ana shewa. Da na shiga za a fara: ga kurmar amarya nan, yau ko za ta yi mana magana? Ba da mugunta suke yi ba, na sani. Amma ni ina fitowa zufa ta jiƙa mini hijabi, har in kai gida ina bitar gaisuwar da na yi ko ta yi daidai.

Alhali kuwa a saman kabad ɗina akwai kwalaye uku na kayan ɗaki da ba a taɓa buɗewa ba: bilenda, da murhun gas mai kai biyu, da tukunyar nan mai murfin da ake ɗaurewa, wadda aka ce tana dafa wake kafin a idar da salla. Suna nan sun zama ado, don wutar unguwarmu ba ta zama, gas ɗin kuma ina tsoronsa. Maigidana kayan lantarki yake sayarwa a kasuwa. Wata rana ya dawo da faifan sola da batir, ya hau rufi da kansa ya haɗa, ya cika silindar gas, ya gyara ɗan ɗakin ajiyar nan ya zama kicin. Daga baya ya ƙaro ƙaramin firij.

Ranar da na fara kunna bilenda na ga tattasai da attaruhu sun narke kafin in ƙirga goma, sai da na zauna a ƙasa. Abin da nake kai wa ƙarshen lungu da faɗuwar gaba, ga shi a tafin hannuna. Tukunyar kuwa, da ta fara huci na zata fashewa za ta yi, na kwasa a guje har soro babu ɗankwali. Amma cikin sati guda muka saba. Na lura kowace na'ura da halinta. Bilenda mai surutu ce, ta yi ihunta ta gama ta yi shiru. Tukunyar irina ce, ta ƙunshe komai a ciki sai ya yi mata yawa ta saki. Duk na so su, kuma abin da ya fi burge ni da su shi ne babu wadda ake gaisarwa kafin ta yi aiki.

Ko ihun bilendar ma ban bari ya fita ba. Kada a ce amarya ta samu wuri tana nuna wa mutane arziki, sai in rufe ƙofar kicin, in lulluɓe ta da tsohon bargo sannan in danna. Na kife turmi a bayan ɗaki. Murhun duwatsu uku da ke tsakar gida na share tokarsa tas. Ɗan ƙamshin girkin ma ta tagar baya yake fita.

Washegarin ranar da na koma gas, sandar Iya ta buga katanga kamar kullum. Na tsaya a tsakar gida babu komai a hannuna. Abin da ya kamata in ce bai taka kara ya karya ba: Iya, mun koma girki da gas, ga ashana. Amma sai na ji kamar in na faɗi haka gori nake yi wa tsohuwar da ke hura wuta da kara. Abin da ya fito kawai shi ne, "Babu, Iya."

Ta ce, "To, Allah ya kawo."

Kwana uku tana bugawa, kwana uku ina cewa babu. A na huɗu ba ta buga ba. Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji. Na ce a raina shi ke nan, na huta da wannan ma.

Bayan kamar mako guda, ana idar da la'asar, sai ga sandar ta dawo. Na fito na ga kwano mai murfi a kan katanga.

"Amarya, ɗanɗana mini gishirin nan, harshena ya tsufa."

Malmalar tuwon dawa ce guda biyu, an zuba miyar kuka a kai, daddawa ta kama ta. Na yi godiya na shige. Washegari ma ga kwano, ta ce hannunta ne ya zarce wajen zuba gari. A rana ta uku ta ce ta yi tsammanin baƙi ba su zo ba. Daga nan ta daina neman dalili, sai dai sanda ta buga, kwano ya zauna. Karon farko da zan mayar da kwanon na saka mata dabino kaɗan a ciki. Ta dawo mini da su ta kan katanga da faɗa, ta ce kada in ƙara takura wa kaina, in ajiye abina. Ni da ba na son a yi mini magana sau biyu, daga ranar wankakken kwano nake mayarwa.

Sau nawa na zuba nawa girkin a kwanon da niyyar miƙa mata, in juye in fasa. Wai kada ta ɗanɗana ta ce wannan wace irin miya ce babu ƙamshin itace. Sau nawa kuma na shirya tambaya, Iya, wannan hidima ta mece ce? In zo bakin katanga tambayar ta maƙale. Daga ƙarshe dai na ce wa kaina tsofaffi haka suke, suna son a ci abin hannunsu.

Maigidan da farko murna ya yi. Ya ce ya yi kewar tuwon da hayaƙi ya taɓa, har yana tsokanata cewa in je in koyo. Amma tuwon dawa kullum, ga shinkafa da wake da taliya ina jera masa, cikin kwana goma ya daina buɗe kwanon. Ni kuma dama kuka ba ta dame ni ba. Sai na koma sakawa a firij, ya kwana biyu ya sandare, in fitar in marmasa wa kajina uku. Wannan ita ce maganar da ta fi yi mini nauyin rubutawa, amma haka aka yi. Kusan sati shida kajina suna cin tuwon Iya, har suka san ƙarar sandarta.

Wata Juma'a maigidan ya dawo daga masallaci, na ji ya tsaya a soro ya daɗe. Da ya shigo fuskarsa ta canza, hular ma a hannu ya riƙo ta.

"Ke, zo ki ga wani abu."

Na bi shi. A jingine da bangon soro akwai rabin buhun gero, da ƙullin kuka da na kuɓewa a kai.

"Wa ya kawo?" na tambaya.

"Jama'ar masallaci." Ya zauna a kan dakali. "Liman ya ja ni gefe bayan salla. Ya ce in yi haƙuri, kasuwa haka take, yau gaba gobe baya, kuma babu wanda zai ji wannan magana. Na ce wace magana? Ya ce Iya ce ta je har gidansa ta shaida wa iyalinsa cewa gidan nan an fi wata ba a ga hayaƙi ba. Ba daka, ba markaɗe, mai itace ya daina tsayawa. Wai ta roƙi wuta kwana uku kin ce babu."

Na dafa bango.

"Ni ake haɗa wa gero," ya ce. "A unguwar da aka haife ni. Sati nawa ina wuce dattawan nan suna amsa mini sallama da taushi, ina cewa kirki ne ya ƙaru. Ashe kallon wanda ya kasa ciyar da matarsa ake yi mini."

Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba. Duk abin da Iya ta faɗa gaskiya ne, babu ƙari ko ɗaya. Ni na share murhu, ni na kife turmi, ni na lulluɓe bilenda da bargo. A nan cikin birni ba a tambayar mutum ko ya ci abinci, don tambayar kanta tozarci ce. Sama ake kallo a ga hayaƙi, a kasa kunne a ji taɓarya. In babu, sai a san dabarar da za a rufa maka asiri ba tare da an haɗa ido ba. Na san wannan sarai, a cikinsa na tashi. Amma ban taɓa kawowa a raina cewa gidana ake karantawa ba.

Maigidan ya ce ya yi wa Liman bayani nan take, har Liman ya yi dariya ya ce a mayar da geron ga mabuƙata. Sai dai ya ce ita Iya ba namiji ne zai gaya mata ba, kuma bai kamata ta tsinci maganar a bakin wasu ba. Wadda aka yi wa hidimar ita za ta je.

"Gobe ki shiga wurinta," in ji maigidan.

"Malam, ko ta kan katanga in..."

"Ki shiga, na ce. Katangar nan ce ta kai mu inda muke."

Washegari tun safe nake saka hijabi ina cirewa. Na shirya maganar ta fi sau ashirin, kowace na ji ba ta yi ba. In na ce muna da abinci, na ce mata ta yi wauta ke nan. In na yi godiya kawai, gobe ma kwano zai zo. Haka na yi ta jan ƙafa har aka kira la'asar, sanda ta buga, kwano ya zauna a wurinsa. Na sauke shi, da ɗuminsa. Na ga in na ajiye shi ba zan fita ba. Sai na riƙe shi da hannu biyu na bi ta soro, na zaga. Tsakanin ƙofarmu da tata bai fi taku goma sha biyar ba.

Na yi sallama a hankali, ba a ji ba, na ƙara. Ta amsa daga ciki da mamaki a muryarta. Gidan a share yake ƙal, ɗaki ɗaya ne mai rufi, ɗayan ya rushe an jingina langalanga. Tana zaune a kan tabarma kusa da murhu, ta fi yadda nake hango ta ta kan katanga ƙanƙanta. Wuyan hannunta duk jijiya.

Idona ya sauka a kan tukunyar da ke gefen murhu. 'Yar ƙarama ce, irin wadda nake dama kunu a ciki. Ni mai girki ce, ba sai an gaya mini ba: tukunyar nan malmala biyu take ɗauka, ba ta kai uku. An kankare ta tas. A gaban Iya kuma akwai ƙaramar ƙwarya, ta jiƙa ƙanzon da ta kankaro a ruwa, tana jira ya yi laushi. Da ta ga inda nake kallo sai ta jawo faifai ta rufe ƙwaryar.

Na durƙusa a wurin, kwanon yana hannuna.

"Amarya, lafiya? Ko bai isa ba ne?"

Duk maganar da na shirya ta watse. Na buɗe baki sai ga wata maganar tana zubowa babu tsari, ni da ba na haɗa jimla uku a gaban mutum. Na ce mata gas ne, murhu ne da ba ya hayaƙi. Na ce akwai injin markaɗe ƙarami a ɗaki, akwai tukunya mai dafa wake nan da nan. Na ce ba mu taɓa kwana da yunwa ba ko sau ɗaya, kullum sau uku nake girki. Na ce ranar da ta roƙi wuta kunya ce ta hana ni faɗa mata, ba rashi ba. Ina magana hawaye suna shiga mini baki.

Ta kalle ni. Ina jira ta zage ni, kuma da ta zage ni da na ji sauƙi.

"Sau uku," ta ce.

"Sau uku, Iya."

Ta ɗaga hannuwanta sama. "Alhamdulillahi. Alhamdulillahi. Wallahi 'yar nan kin sauke mini dutse daga ƙirji. In na kwanta sai in ce yarinyar mutane, an kawo ta cikinmu ba ta da baki, za ta mutu a ɗaki ba wanda ya sani." Ta share ido da bakin zaninta, sannan ta harare ni. "Amma ke wace irin halitta ce? Kalma ɗaya ta gagare ki? Ni zan yi miki baƙin cikin murhu?"

Na sunkuyar da kai.

"To abin da nake miƙowa, kuna dai ci ko?"

"Muna ci, Iya," na ce. Ƙarya na yi mata, kuma har yau ina neman gafarar Allah a kanta, amma ko yanzu aka mayar da ni wurin ban san wace amsa zan ba ta ba.

Ta gyaɗa kai, ta ji daɗi. Sai na ga idonta ya koma kan hannuna, ya kauce, ya sake komawa. Ta yi 'yar dariya irin ta mai jin nauyi, muryarta ta yi ƙasa.

"To tunda kuna da shi, miƙo mini kwanon nan."

Na miƙa mata. Ta wanke hannu a butar da ke gefenta, ta ɗan juya mini kafaɗa, ta yi bisimilla. Ba ta ce in sa hannu ba, ita da ko ta kan katanga ta ji motsina sai ta yi mini tayi. Loma take kaiwa tun ba ta haɗiye ta baya ba, miya tana gangaro mata a haɓa ba ta tsaya gogewa ba. Ta cinye malmala ta farko ta shiga ta biyu ba ta ɗago ba. Ina durƙushe ina kallo har ta suɗe kwanon da yatsa. Ban taɓa ganin babba yana cin abinci haka ba, kuma ba na fatan in sake gani.